Yadda Ni da Ɗalibaina Muka Haɗa Layar Zana da Wayar Salula

Wata Laraba a farkon hunturu na shiga aji biyu na babbar sakandare da niyyar yin darasin haske, sai na tarar ajin ya rabu gida biyu ana ta musu. Wani ɗan bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp a makon ya jawo shi. Mutum ne a tsaye a bakin hanya, ya ɗaga hannu ya dafa damtsensa, sai aka neme shi aka rasa. Kusan kowa a ajin ya gani a wayar gidansu. Wani yaro da ke zama a layin baya, wanda ba kasafai ake jin muryarsa ba, ya rantse layar zana ce, har ya ce kakansa ya san mai irinta a ƙauyensu. Wasu suka ce ƙarya ne, haɗin kwamfuta ne. Da na tambayi masu cewa haɗi ne yadda ake yin haɗin, sai ajin ya yi tsit. Wannan shirun ne ya tsaya min a rai, don na ga da wanda ya gaskata da wanda ya ƙaryata duk duhu ɗaya suke ciki.

Na ce musu ba zan tsoma baki a kan abin da ke ɓoye ba, wannan sanin Allah ne. Amma wannan bidiyon dai, in suka ba ni Asabar ɗaya, zan sa shi mai rantsuwar ya ɓace a gabansu, kuma su da kansu za su riƙe kyamarar. Asabar ɗayar nan ita ce ta koma shida.

Dokar makarantarmu ba ta yarda ɗalibi ya shigo da waya ba, saboda haka sai da na je wurin shugabar makaranta. Ta amince bisa sharuɗɗa: kowane yaro ya kawo takardar yardar iyayensa, wata malama ta riƙa zama tare da mu saboda 'yan mata, kuma kada a ɗora komai a intanet. Yara 14 suka kawo takarda, maza takwas, mata shida. Kayan aikinmu kuwa wayata ce, da tsohuwar wayar ƙanena mai tsagaggen gilashi, da manhajojin tace bidiyo guda biyu na kyauta, CapCut da KineMaster. Shi ke nan.

Asabar ta farko na bayyana musu dabarar a baki, don ba ta da tsawo. A ɗauki mutum yana tsaye, ya fita daga wurin, a ɗauki wurin ba kowa, a manne guda biyun. Da gangan na ƙyale su suka gwada yadda suka ga dama. Ɗaya ya riƙe wayar a hannu, aka ɗauka, aka manne, muka taru muka kalla. Yaron ya ɓace kam, amma tare da shi katanga ta yi tsalle, bishiyar dogonyaro ta goce gefe, duniyar gaba ɗaya ta girgiza. Ko ɗan goye ya san an yanka. Nan suka fahimci abin da da na faɗa da baki ba zai shige su ba: ido ba ya yarda mutum ya ɓace sai in duk abin da ke kewaye da shi ya tsaya cak.

Ba mu da ƙafar kyamara. Muka ɗebo bulo uku daga bayan ajin da ake gini, muka jera, muka ɗaure wayar a jikin na sama da robar tayar babur. Muka sake. Wannan karon katanga ba ta yi tsalle sosai ba, amma ta ɗan motsa, saboda yatsan da ya danna wurin tsayar da ɗauka ya ture wayar kaɗan. Wata yarinya ce ta kawo maganin. Ta ce, "Malam, to me ya sa za a kashe? A bar ta tana ɗauka, ya fita, in mun zo tacewa mu cire tsakiyar." Tun daga ranar ba mu sake taɓa waya ana cikin ɗauka ba, kuma ita yarinyar ta zama mai tace mana fim har muka gama.

Saura matsala ɗaya da ta fi ba mu wuya, don ba mu gane ta da wuri ba. Yaron farar riga ya sa. Da ya fita daga hoton, wayar ta ga farin ya tafi, sai ta ƙara wa kanta haske, hoton ya washe lokaci guda. Waya tana gyara haske da saitin ido da kanta a kowane lokaci, abin da ke taimakon mai ɗaukar hoton biki, amma yake tona asirin mai siddabaru. A yawancin wayoyi, in ka ɗora yatsa a kan allon ka riƙe na ɗan lokaci, haske da saitin za su kulle, wani ɗan kwado ko rubutu ya fito. "An kulle?" ta zama tambayar da ake yi kafin kowace ɗauka, har yaran suka mayar da ita kamar gaisuwa.

Muna hutawa a gindin dogonyaron na ba su labarin inda dabarar ta samo asali. A 1895, a kamfanin Edison da ke Amurka, an yi wani ɗan fim na daƙiƙa 18 da ke nuna yadda aka sare kan Sarauniya Mary ta Scotland. Dab da gatari zai sauka aka tsayar da kyamara, kowa ya daskare a inda yake, aka janye mai wasan aka ajiye mutum-mutumi. Wanda ya mayar da dabarar sana'a kuwa wani Bafaranshe ne mai wasan rufa-ido, Georges Méliès, daga 1896. Shi da kansa ya ba da labarin cewa yana ɗaukar titi a birnin Paris kyamararsa ta cije, ya ɗauki kamar minti guda yana gyara ta, ya ci gaba. Da ya zo kallo sai ya ga keken doki mai ɗaukar fasinja ya rikiɗe ya zama na ɗaukar gawa, maza sun koma mata. Ya yi finafinai sama da 500 a rayuwarsa. Na ce musu aljanin da suke gani yana ɓacewa a tsoffin finafinanmu na Hausa na zamanin kaset, da wannan dabarar ake ɓatar da shi, ba a canza mata komai ba.

Gwaji na bakwai ne ya yi. Muka sa yaro na biyu a cikin hoton don ya zama shaida, kuma aikinsa shi ne mafi wuya: ya daskare kamar gunki har abokinsa ya fita, sannan ya zabura. Mai tacewar ta gano cewa in aka yanka a lokacin da mutum ke motsi, ido ba ya kama wurin yankan. Sai muka sa mai ɓacewar ya yi ɗan tsalle, ita kuma ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, don waya tana ɗaukar hoto 30 a kowace daƙiƙa, ta yanka daidai inda ƙafafunsa suka bar ƙasa. Shi yaron layin baya, wanda shi ne mai ɓacewar, shi ya ce a bar silifas ɗinsa a wurin. Na daɗe ina tunanin wannan shawarar. Takalmin da ya rage a ƙasa shi ne ya sa abin ya zama abin tsoro, don ya nuna wa ido cewa ɗazu da mutum a nan. Ya kalli kansa yana ɓacewa sau huɗu bai ce komai ba, sannan ya miƙo min wayar da hannu biyu.

Asabar ta biyu ta yi sauƙi. Mun yi wasa da juya bidiyo baya. Yaro ya diro daga kan benci da baya, a juya, sai a ga ya tashi sama kamar tsuntsu. A jefar da hula, a juya, ta taso daga ƙasa ta faɗa hannun mai ita. Mazan suka so dirowa daga katangar makaranta, na hana, kuma ban sassauta ba ko da suka yi ta roƙo. Kyamarar da aka ajiye a ƙasa tana kallon sama tana mayar da benci katanga, ba sai an karya ƙafar ɗan wani ba. Abin da ke tona asirin juyi shi ne ƙura da ruwa da tafiyar mutanen baya, saboda haka muka share wurin, muka tabbatar ba mai wucewa.

A ranar ne kuma darasin hasken da na shigo da shi ranar Laraba ya sami shiga ta bayan gida. Mafi ƙanƙanta cikin 'yan matan ta ce tana so ta ɗora yaron da ya fi kowa tsawo a ajin a tafin hannunta. Na zana musu lissafin a ƙasa da kara. In ka ninka nisan abu sau biyu, girmansa a ido yana raguwa da rabi. Tsawon yaron santimita 170 ne. In hannunta yana mita 1 daga kyamara, shi kuma yana mita 10, zai fito kamar abu mai santimita 17 a kan hannun. Muka gwada, hannun ya fito fes, yaron ya yi dishi-dishi. Sai muka matsar da ita zuwa mita 2, shi zuwa mita 16, ya zama ya ragu sau takwas, kimanin santimita 21, kuma dukkansu suka fito sarai. A nan waya ta fi babbar kyamara sauƙin sha'ani, don ƙaramin idonta yana riƙe na kusa da na nesa tare, in dai ba ka kunna tsarin da ke dusashe baya ba.

Lissafi bai gama aikin ba. Sai da muka daidaita tafin hannunta ya rufe daidai inda ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, muka jira rana ta take tsaka don inuwarsa ta gajarce ta ɓuya. Sai kuma idanu. In suka kalli juna da gaske, a hoto sai a ga kowa yana kallon wani wuri daban. Ita dole ta kalli tafin hannunta da ba komai a ciki ta yi masa magana, shi kuma ya ɗaga kai ya kalli wani reshe da muka nuna masa. Daga ƙarshe ta kife shi da ƙwarya, muka haɗa da dabarar makon jiya, ta ɗaga ƙwaryar ba kowa. Malamar da ke tare da mu, wadda tun safe take gefe tana duba takardun jarrabawa, ta taso ta ce a sake nuna mata.

Tagwaye ne suka ci mana Asabar ta uku gaba ɗayanta. Duk yaran sun taɓa ganin fim ɗin da jarumi ɗaya ya fito a Hassan da Husaini suna zaune suna hira, kuma duk sun ɗauka sai babbar kwamfuta. Alhali raba allo gida biyu ne kawai. A ɗauki mutum a hagu, a sake ɗaukarsa a dama ba tare da kyamara ta motsa ba, a ɗora ɗaya a kan ɗaya, a rufe rabin na sama. Manhajar tana da wurin yin wannan rufin da layi miƙaƙƙe, kuma ana iya tausasa bakin layin don kada ya yi kaifi.

A fili muka fara, kuma nan muka yi asarar safiya. Yaron ya yi ɓangaren Hassan, ya tafi canza kaya, aka tsaya shan ruwa, aka yi ta hira, sai bayan minti 40 ya dawo ya yi Husaini. Da muka haɗa, inuwar katanga ta karye a tsakiyar hoton kamar an sare ta da adda. Na tambaye su dalili. Suka yi ta kame-kame har wani ya ce rana ce ta matsa. Na ce nawa ta matsa? Duniya tana juyawa digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, a minti 40 kuwa digiri 10. Shekara nawa ina rubuta wannan a allo, ban taɓa ganin ya zauna a kan yara kamar ranar da ya lalata musu fim ba.

Muka koma cikin aji inda haske ba ya saurin canzawa, muka rage canjin kayan zuwa hula da riga ta sama, minti uku an gama. Muka zaɓi layin rabon ya bi gefen ƙofa, inda dama akwai miƙaƙƙen layi da ido ya saba da shi. Benci ɗaya muka fara ba su, sai muka ga yana lotsawa ta gefen da aka zauna, rabi ya yi sama rabi ya yi ƙasa. Muka sauya da kujeru biyu. Hannun Husaini ya tsallake layin sau biyu ya gutsure a iska, sai muka zana masa iyaka da alli a ƙasa inda kyamara ba ta gani. Hirar ita ce ƙarshen wahala. A ɗaukar farko wani ya tsaya bayan kyamara yana karanta maganar ɗan'uwan, a ta biyu muka kunna sautin ta farkon a ɗayar wayar don ya san lokacin amsawa. Suka so Hassan ya miƙa wa Husaini biro. Ba ya yiwuwa a tsallake layi, saboda haka muka yanka zuwa hoton kusa na hannaye biyu kawai, ɗaya hannun wani yaro ne daban mai irin launin fatarsa. Ba wanda ya taɓa lura da wannan cikin duk waɗanda suka kalla.

A yammacin ranar na zaunar da su muka yi wata magana da na ɗauka ta fi duk dabarun nauyi. Mun taso ana ce mana gani ya kori ji, ga shi su da kansu sun sa ido ya ga abin da bai faru ba da bulo uku da roba. Na nemi alkawari daga kowannensu, ɗaya bayan ɗaya, cewa ba zai taɓa haɗa hoton wani mutum ya nuna shi yana yin abin da bai yi ba, ko da wasa ne, ko da abokinsa ne. Na san yadda ɗan bidiyo na daƙiƙa goma ke kashe aure ko ya hana yarinya fita daga gida. Ba zan koya wa yaro riƙe wuƙa ban gaya masa inda kaifinta yake ba.

Mazan sun matsu a zo kan faɗa da jini, sai Asabar ta huɗu na ba su. Naushin fim ba ya taɓa kowa. Kyamara tana bayan kafaɗar ɗaya, hannu ya wuce gaban fuskar da tazarar taƙi guda ko fiye, wanda aka nausa ya juyar da kai a daidai lokacin. Kyamara ido ɗaya gare ta, ba ta iya auna tazarar da ke tsakanin hannu da fuska in suna kan layi ɗaya da ita. Mun yi ta maimaitawa a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa kafin na yarda a yi da sauri. Jini kuwa, zoɓo muka fara gwadawa don shi ne a kusa. Bai yi ba. Ya tsinke da yawa, yana gudu kamar ruwa, kuma a hoto launinsa ya karkata zuwa shunayya. Malamar ce ta cece mu. Ta dafa sukari da ruwa a gida har ya yi kauri, ta zo da jan kalar da ake sa wa kek, muka zuba, muka ƙara ɗan garin koko don jan ya yi duhu. Jinin gaske ba ja wur yake ba, kuma haske ba ya ratsa shi. A zamanin fim marar launi ma, ruwan cakulan zalla aka yi amfani da shi a wani sanannen fim ɗin tsoro na Amurka a 1960, don kauri da duhu kawai kyamara ke gani. Namu ya yi kyau, sai dai ƙudaje sun same mu, kuma kalar tana kama tufafi, gara da muka ce kowa ya zo da tsohuwar riga. Sun tambaye ni kwalbar da ake fasawa a kan mutum. Na gaya musu a da da sukari ake yin ta, ana dafa shi har zafinsa ya kai wajen digiri 150, kuma in ya zuba a fata mannewa yake yi. Na ce wannan ba za mu yi ba.

Da muka kalli faɗan ba sauti, sai ya zama kamar rawa. Nan na shigo da sana'ar da ake kira da sunan Jack Foley, wanda ya yi aikin haɗa sautin fim a kamfanin Universal tun ƙarshen shekarun 1920 da fim ya fara magana. Yawancin ƙarar da kake ji a fim, takun ƙafa, buɗe ƙofa, motsin riga, daga baya ake yin ta a ɗaki ana kallon hoton. Muka rufe tagogin aji muka baje kaya. Naushi, dukan kabeji da tafin hannu. Karayar ƙashi, karan dawa busasshe. Wuta, murza leda a hankali kusa da waya. Ruwan sama, zuba gero a kan faranti. Tsawa, girgiza guntun kwanon rufi. Turawa da ɓawon kwakwa suke yin takun doki, mu muka ɗauko ƙoƙuna biyu muna kifawa a kan yashi.

Baba maigadi ya leƙo jin hayaniya, ya tsaya yana sauraron yaron da ke buga ƙoƙunan. Can ya ce, "Ɗana, wannan dokin naka gurgu ne." Ya karɓa ya tsuguna, ya buga sukuwa, uku a jere da ɗan shiru, uku a jere da ɗan shiru, har ka ce hawan Sallah ne ya doso. Ashe ya yi kiwon doki da ƙuruciyarsa. Na ce, "Baba, ko za ka yi mana shi mu naɗa?" Ya ce, "Malam, in dai yaran nan ne, ko kullum." Takun dokin da ke cikin fim ɗinmu nasa ne.

Koren kyalle, wanda mutum ke tsayawa a gabansa manhaja ta cire koren a sa wani hoton a madadinsa, na bari sai Asabar ta biyar, don shi ne kaɗai ya ci kuɗi. Na je Kantin Kwari na yanko yadi huɗu kore shar. Na farkon da na zaɓa mai sheƙi ne, kuma kuskurena ne, don sheƙi yana mayar da haske fari-fari, manhaja kuma launi ɗaya take nema ta cire. Na koma na sayo marar ƙyalli. Muka goge shi da dutsen guga har ba sauran lanƙwasa, muka ɗaure shi tamau a bangon baranda inda inuwa ta rufe ko'ina daidai. Sun tambaya me ya sa sai kore. Dalili biyu ne. Kore ya yi nisa da launin fatar ɗan Adam, fari ne ko baƙi. Sannan a idon kyamarar zamani, cikin kowane ɗigo huɗu masu karɓar haske biyu na kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, saboda haka kore ya fi fitowa da tsabta. Kafin zamanin nan shuɗi aka fi amfani da shi, har wani Ba'amurke, Larry Butler, ya ci lambar Oscar, babbar lambar yabon finafinai ta Amurka, a kan aikin shuɗin bango da ya yi a wani fim na 1940. Mai karanta hasashen yanayi a talabijin ma, taswirar da yake nunawa ba ta bayansa, bango ne kawai mai launi ɗaya.

Yaron farko ya tsaya jikin kyallen, inuwarsa ta faɗa a kai, koren kuma ya haska masa kunnuwa da kafaɗu, da aka cire sai gefen jikinsa ya zama kamar ɓera ya ci. Muka matso da shi gaba mita 2, abin ya gyaru. Muka sa shi a gaban hoton teku, muka sa wata ɗaliba a kan gajimare. Tsohuwar wayar ta ɗau zafi tana tsayawa, wuta kuma ta ɗauke tun safe, muka koma lallaɓa tawa.

Sai ga wata yarinya da ta makara ta shigo da koren hijabi. Ba wanda ya yi tunanin komai har ta tsaya gaban kyallen. A allon waya fuskarta kaɗai ta rage tana yawo a kan teku. Ajin ya kaure da ihu. Mai tacewar ba ta yi dariya ba, ta ƙura wa allon ido, sannan ta juyo ta ce, "Malam, in muka ɗauki wurin ba kowa muka sa a ƙasa, shi kuma ya lulluɓa da kyallen, ai ga layar zanan nan." Ban koya mata wannan ba. Ta haɗa darasin Asabar ta farko da na ranar ne da kanta.

Muka kwance kyallen daga bango muka koma gindin dogonyaro. Bulo uku, roba, an kulle. Muka ɗauki wurin ba kowa na daƙiƙa 20, sannan yaron layin baya ya shiga, ya ja kyallen daga ƙafafunsa zuwa sama a hankali. A hoton ƙafafu suka fara tafiya, sai ciki, sai ƙirji, kai ya rage shi kaɗai yana kallonmu, sannan shi ma ya tafi. Na ji tsoron ganyen bishiyar zai ɓata aikin tunda shi ma kore ne. Manhajar ta cinye wani ɓangarensa kuwa, amma da yake hoton da ke ƙasa na bishiyar nan ne a wuri ɗaya, ramin ya cike da ganyensa.

Asabar ta ƙarshe muka harhaɗa komai ya zama fim na minti huɗu, labarin wani yaro da ya tsinci laya a hanyar makaranta. Muka nuna wa shugabar makaranta da iyayen da suka samu zuwa a talabijin ɗin ofishin malamai, Baba maigadi yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran wurin dokinsa. Bayan iyaye sun watse na ce wa yaran saura abu ɗaya. Na buɗe bidiyon nan na WhatsApp da ya haddasa musun, na sa shi a manhajar, na miƙa wa yaron layin baya.

Ya bi shi hoto bayan hoto da yatsa, sauran sun yi masa rumfa. Ya wuce wurin da mutumin ya dafa damtse, ya dawo, ya sake wucewa. Can ya ce, "Ku dubi akuyar nan." A bayan mutumin, nesa kaɗan, akwai akuya a gindin wata katanga. A hoto ɗaya kanta yana ƙasa tana kiwo, a na gaba da shi ta riga ta kai bakin kwata. Ya sake komawa baya, ya matso da allon kusa da fuskarsa, ya ga yadda hanyar ta washe lokaci guda bayan mutumin ya tafi.

Ya ɗago ya ce, "Malam, ko hasken ma bai kulle ba."